Hanci da sunayen abin da yake ji: tarihin ilimi guda a zaure uku (misalin Isawan)

1. Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe ajin gwaji na farko da harshen Hausa a Damagaram, malaman harsuna na ƙasar nan suke fama da aiki guda, wato samar da kalmomin da za a koyar da kimiyya da su. Dokar 1998 mai tsara tafiyar ilimi ta ba harsunan ƙasa gurbi a makarantun firamare, ƙudurin 1999 ya daidaita ƙa'idojin rubutu, sannan kundin da aka zartar cikin watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ƙara nauyin kayan ya yi, domin harshen da za a koyar da yaro ƙirar jikinsa da shi, dole ne ya iya ambaton kowace gaɓa da aikinta.

Cikin wannan maƙala za mu ɗauki darasi guda, wanda yake cikin kowane littafin kimiyya na firamare: yadda ɗan Adam yake jin ƙamshi da wari. Idan mai fassara ya iso wannan darasi yakan tsaya cik, saboda Faransanci yana da kalma guda, «odorat», Hausa kuwa sai ta ce «ji», kalmar da take yi wa kunne da harshe da fata aiki. Daga nan sai a yanke hukunci cewa Hausa ta gaza, a ɗebo kalmomin Faransanci a zuba.

Muna ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Za mu bi tarihin abin da aka sani game da hanci a zaure uku: zauren gida da gona, zauren malam, da ɗakin binciken likitoci. Abin da muke son nunawa shi ne, shi kansa ilimin Turai ya daɗe yana raina hanci bisa kuskure, alhali Hausa ta adana wani tsari na sunayen wari wanda binciken zamani ya zo ya tarar. Mun ɗauki Isawan a matsayin wurin misali. Ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Mayahi, jahar Maraɗi, a kan iyakar ƙasar Tasawa, kuma takardun gwamnati suna rubuta sunanta Issawane. Manoman hatsi da wake da gujiya ne mazaunanta. A irin wannan wuri yaro guda yakan ratsa zaurukan nan uku kafin ya kai shekara 12, kuma shi ne zai karanta littafin da muke rubutawa.

2. Abin da harshe ya adana

Mu fara da kalmar «ji». Gaskiya ne Bahaushe yana jin magana, yana jin zaƙi, yana jin sanyi, yana jin ƙamshi, yana kuma jin Hausa. A 1991 Ian Ritchie ya yi rubutu a kan haka, inda ya nuna cewa Hausa ta kasa hanyoyin riskar duniya gida biyu, gani da ji. Amma wannan ba alamar talauci ba ce. Aikin Åke Viberg na farkon shekarun 1980, wanda ya kwatanta aikatau na riska cikin harsuna fiye da 50, ya nuna irin wannan haɗi ruwan dare ne. Faransancin da ake gwada mu da shi, aikatau «sentir» ne yake yi masa aikin hanci da na fata gaba ɗaya, Italiyanci ma ya ƙara masa na kunne. Kuma inda ake bukatar bambancewa Hausa tana da abin faɗa: shaƙa ita ce jan iska ta hanci, sansana (wasu su ce sunsuna ko shinshina) ita ce jan iskar da niyyar gane abu, ji kuwa shi ne abin da ya samu bayan an shaƙa.

Arzikin Hausa a wannan fanni yana cikin sunaye. Ga waɗanda kowace uwar gida take amfani da su: ƙamshi, na abu mai daɗi, wari, na marar daɗi gaba ɗaya, ɗoyi, na ruɓa, ƙarni, na kifi da jini da ɗanyen nama da ƙwai, ƙauri, na abin da ya ƙone, tuwo ne ko gashi ko tsumma, zarni, na fitsari, bashi, na abincin da ya fara juyawa, gafi, na ɗanyen wake, wanda yake tsakanin hanci da harshe, hamami, na bunsuru ko na jikin da ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Abin lura shi ne, ba ɗaya daga cikinsu da yake sunan wani abu. Ƙarni ba kifi ba ne, siffa ce da kifi da jini da ƙwai suka yi tarayya a cikinta, kamar yadda ja yake siffar jini da barkono. Bafaranshe idan zai faɗi ƙarni sai ya kewaya ya ce warin kifi, ko warin jini, ba shi da kalmar yau da kullum da ta tattara su.

Ta fuskar ginin kalma ma akwai tsari. A 1955 F. W. Parsons ya ware wani rukuni na sunaye cikin Hausa, waɗanda ya kira sunayen siffofin riska. Alamominsu uku ne: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sama a kan duka biyun, doguwar «i» a ƙarshe. Zafi, sanyi, nauyi, taushi, zaƙi, ɗaci da tsami duk suna ciki. Idan muka auna sunayen da muka jera a sama, takwas daga cikin tara sun hau wannan ma'auni daidai, hamami kaɗai ya fita saboda gaɓarsa uku. Karin sautin ne ma yake raba bashi na wari da bashi na kuɗi, wanda yake ƙarewa da karin ƙasa. Ke nan nahawun Hausa ya zaunar da wari a tabarma ɗaya da zafi da nauyi da zaƙi, bai mai da shi ɗan rakiya ba. Daga waɗannan sunaye ake cire siffa, kamar zafi da zazzafa, ƙamshi da ƙaƙƙamsa. Bisa wannan awo muna zaton sunan ɗaɗɗoya, ganyen nan mai ƙamshi, daga ɗoyi ya fito, abin da yake nuna cewa a dā ɗoyi yana iya nufin duk wani abu mai ƙarfi a hanci, mai daɗi ko marar daɗi.

Mafi yawan waɗannan tsofaffin kalmomi na gargaɗi ne: nama ya juya, tukunya ta kama, rumbu ya sha laima, rijiya ta mutu da wani abu a ciki. Kalmomin ƙamshi kuwa fatauci ne ya kawo yawancinsu, kuma su sunayen kaya ne. Tasawa tana kan hanyar ayarin da yake saukowa daga Abzin zuwa Katsina da Kano. Heinrich Barth ya yada zango a can cikin Janairu 1851, da ya isa Kano kuma ya lissafa jawul da kanumfari da man wardi cikin kayan da ake shigowa da su daga arewa. Almiski, ambar, kafur, lubban, wardi, kanumfari, duk ta hanyar Larabci suka shigo. A ƙarni na 20 aka samu wani sabon sawu, na turaren kwalba, irin su Bint el Sudan wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920, daga baya aka riƙa haɗa shi a Kano. Saboda haka kalmomin hanci hawa biyu ne: na ƙasa sunayen siffofi, na sama sunayen hajja.

3. Zauren malam: hanci a matsayin shaida

Yaron da ya sauke allo ya shiga karatun littattafai, tun a shafukan farko na Ahalari, littafin Abdurrahman al-Ahdari na ƙarni na 16, zai tarar da ƙa'idar ruwan tsarki: ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da abin da hanci yake ji daga gare shi, in ɗaya ya sauya saboda wani abu da ba a saba samu tare da ruwa ba, hukuncinsa ya sauya. Haka yake cikin Ishmawi. A ƙasar da ruwan sha yake fitowa daga rijiya da tabki, wannan ƙa'ida aiki ce ta kullum. Hanci a nan shaida ne wanda shari'a ta karɓa, daidai da ido da harshe.

Wanda ya yi nisa har ya kai Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, zai ga abin da ya fi wannan. A babin raunuka an yi maganar mutumin da aka buga, ya ce ya daina jin ƙamshi da wari. Malaman Malikiyya sun sa wa wannan rashi cikakkiyar diyya, kamar ta rashin gani ko rashin jin magana. Tun da kuwa abu ne da ba a gani, an tanadi gwaji: a kusanto masa da abu mai tsananin wari a ga ko zai nuna alama. Wannan yana nuna abu biyu. Na ɗaya, an san bugu a kai yana iya kashe jin wari alhali hanci yana nan lafiya. Na biyu, an san bukatar auna shi. Za mu komo ga wannan gwaji, domin ilimin aikin gaɓoɓi yana da abin cewa a kansa.

Littattafan da suka fi yawo a zaurukan ƙasar Hausa na fiƙihu ne, amma na ɗibbu ma sun shigo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa nasa. Bayanin ƙirar jiki da likitancin Larabawa ya gada kuwa daga Jalinus ya samo tushe, likitan Bagirike na ƙarni na 2. A wurin Jalinus hanci mashiga ce kawai, ainihin jin wari a gaban ƙwaƙwalwa yake faruwa. Iska tana hawa ta wani ƙashi mai huje-huje da yake rufin kogon hanci, kuma ta waɗannan huje-huje ne, a cewarsa, dattin ƙwaƙwalwa yake gangarowa ya zama majina. Ibn Sina (980-1037), cikin littafinsa al-Ƙanun, ya siffanta wasu tsiro biyu a gaban ƙwaƙwalwa masu kama da kan nono, ya ce su ne gaɓar sansana. Shi ƙashin, Girkawa da Larabawa duk sunan matata suka ba shi. Mu riƙe wannan hoto, zai yi mana amfani wajen raɗa suna.

4. Ɗakin bincike: gyara da kuskure

Bayanin Jalinus ya yi shekara kusan 1500 yana mulki a Turai. A 1660 Conrad Victor Schneider, malamin likitanci a Witambag ta Jamus, ya fara fitar da littafinsa a kan mura, inda ya nuna cewa majina daga fatar cikin hanci take fitowa, kuma babu wata kafa da ruwa zai bi daga ƙwaƙwalwa. Ilimi ya gyaru, harshe bai bi ba: har yanzu Bafaranshe yana kiran mura «rhume de cerveau», wato murar ƙwaƙwalwa. Wannan darasi ne gare mu. Harshen da muke aro daga gare shi yana ɗauke da nasa tsofaffin kurakurai, kuma hakan bai hana a yi kimiyya da shi ba.

Da madubin ƙara girma ya inganta, sai aka ga abin da yake bin huje-hujen. Tsakanin 1856 da 1862 Max Schultze ya siffanta ƙwayoyin jijiya da suke cikin rufin kogon hanci, waɗanda zaruruwansu suke ratsa ƙashin su hau. Camillo Golgi a 1875 da Santiago Ramón y Cajal a 1890 suka zana tsarin tsiron nan biyu da Ibn Sina ya ambata. Ashe rabin maganar magabata daidai ce: akwai hanya ta cikin ƙashin, amma saƙo ne yake hawa, ba majina ce take sauka ba.

A daidai wannan zamani ne aka tafka kuskuren da ya biyo mu har cikin aji. Tun da daɗewa Aristotal ya ce hancin ɗan Adam bai kai na dabbobi ba, kuma wari ba shi da sunayen kansa sai aro daga ɗanɗano. A 1879 Paul Broca, likitan ƙwaƙwalwa na birnin Paris, ya kasa dabbobi masu shayarwa gida biyu, masu dogaro da hanci da waɗanda ba su dogara da shi, ya sa mutum a gida na biyu. Hujjarsa awon girma ce: tsiron sansana na mutum ƙarami ne idan aka gwada shi da gaban ƙwaƙwalwarsa. Bai auna abin da mutum yake iya ji ba. Duk da haka maganar ta shiga littattafai, ta kuma haɗu da ra'ayin zamanin mulkin mallaka mai cewa kaifin hanci alamar rashin wayewa ce. Daga nan aka gaji darasin firamare mai shafi uku a kan ido, layi huɗu a kan hanci.

An daɗe kafin a warware. A 1991 Linda Buck da Richard Axel, a jami'ar Kolombiya ta Amurka, suka gano babban dangin ƙwayoyin gado masu ƙera matarban wari, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. A 2007 masu bincike a Bakali ta Kaliforniya suka rufe wa mutane ido da kunne, suka sa su bin sawun cakulan a kan ciyawa da hanci kawai, kimanin kashi biyu cikin uku suka iya. A 2014 Asifa Majid da Niclas Burenhult suka nuna cewa Jahai, wata ƙaramar al'umma ta ƙasar Maleshiya, suna da sunayen siffofin wari wajen 12, kuma suna ambaton wari da sauƙin da suke ambaton launi, abin da masu magana da Ingilishi suka kasa. A 2017 John McGann ya bi diddigin maganar Broca cikin mujallar Science, ya kira ta tatsuniyar ƙarni na 19. Abin da Aristotal ya ɗauka halin ɗan Adam ne, ya tabbata halin wasu harsuna ne. Sunayen da muka jera a kashi na 2 suna sa Hausa kusa da Jahai fiye da Faransanci.

5. Yadda abin yake aiki, gwargwadon sanin yau

Bari mu gwada faɗar darasin da Hausa, da kalmomin da muke ba da shawarar a ɗauka.

Ba a jin warin abu sai ɓurɓushinsa ya tashi cikin iska. Gishiri ba ya tashi, shi ya sa karin maganar da ta ce hanci bai san daɗin gishiri ba take daidai har a ɗakin bincike. Idan aka shaƙa, mafi yawan iskar ta ƙasan kogon hanci take wucewa zuwa huhu, kaɗan ce take hawa rufin. Sansana, wato shaƙa gajejjeriya mai ƙarfi, ita take ƙara wadda take hawa. A rufin akwai wani ɗan fili da bai wuce ƴan santimita ba, shi muke kira shimfiɗar sansana. Cikinta akwai miliyoyin ƙwayoyin jijiya, kowace da ƴan siraran gasu da suke kwance cikin majina. Ɓurɓushin yana narkewa cikin majinar ya tarar da matarba a jikin gasun.

Mutum yana da matarba iri kusan 400, ɓera yana da fiye da 1000. Kowace ƙwayar jijiya iri ɗaya take ɗauke da shi. Amma matarbi guda yana karɓar ɓurɓushi iri-iri, ɓurɓushi guda kuma yana taɓa matarba da dama, kamar yadda ɗakin binciken Buck ya nuna a 1999. Saboda haka kowane wari haɗi ne. Ga masanin harshe abin ba baƙo ba ne: da ƙwayoyin sauti ƴan kaɗan ake gina dubban kalmomi. A 2023 ne aka fara ganin siffar matarbin mutum guda ɗaya dalla-dalla, mai lamba OR51E2.

Daga shimfiɗar, zaruruwan jijiya suna ratsa ƙashin rariya su shiga curin sansana, guda biyu, dama da hagu, a ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa. A can duk zaruruwan da suke ɗauke da matarbi iri ɗaya suna taruwa a ƙulli ɗaya ko ƴan kaɗan. Daga curin saƙo yana zarcewa zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da sha'awa da tuni, ba tare da ya fara yada zango a tashar tsakiya da saƙon ido da na kunne suke bi ba. Wannan kusanci yana cikin dalilan da suke sa ƙamshin ƙasa a ruwan farko ya tayar wa ɗan ci-rani da hankali zuwa gida. Shi wannan ƙamshi ma an san mai shi: wani sinadari ne, jiyosmin, da ƙananan halittun cikin ƙasa suke fitarwa, wanda Nancy Gerber da Hubert Lechevalier suka ware a 1965. Hancin mutum yana gane shi ko da nanogaram 10 ne cikin lita guda ta ruwa.

Sauran abubuwa uku. Na farko, akwai ƙofar baya: lokacin tauna, ɓurɓushin abinci yana hawa ta bayan ganɗa zuwa shimfiɗar. Harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da ɗanɗanon nama kawai yake rarrabewa, sauran daɗin miyar daudawa aikin hanci ne, shi ya sa mai mura yake cewa bakinsa ba daɗi. A nan «jin daɗi» na Hausa, wanda bai raba hanci da harshe ba, ya fi kusa da gaskiyar jiki. Na biyu, ƙwayoyin jijiyar sansana suna mutuwa wasu su maye gurbinsu tsawon rayuwa, kamar yadda Pasquale Graziadei ya tabbatar cikin shekarun 1970. Na uku, cikin hanci akwai wata jijiya dabam, reshen jijiya ta 5 daga jijiyoyin kai 12 (ta sansana ita ce ta 1), mai jin yaji da raɗaɗi da sanyi. Ita barkono da hayaƙi suke tsokana, ita take kawo atishawa da ƙwalla. Masu cewa abin da ya taɓa hanci shi yake sa ido ruwa, aikinta suka gani.

6. Komawa Isawan: gidan likita da aji

Yanzu muna iya sake duban gwajin da yake cikin Muhtasar. Bugu a kai yana girgiza ƙwaƙwalwa, zaruruwan da suka ratsa ƙashin rariya su tsinke, mutum ya daina jin ƙamshi da wari. Malaman fiƙihu sun ga sakamakon tun ba a ga zaruruwan ba. Amma jijiyar yaji ba ta bi ta curin sansana, sau da yawa takan tsira. Mutumin da ya yi rashin da gaske, in aka kusanto masa da abu mai yaji a hanci, zai kau da kai, har ya yi ƙwalla, sai a ɗauke shi maƙaryaci. Wannan ba suka ba ce ga magabata, ƙari ne a kan aikinsu: abin gwaji ya zama mai ƙamshi ko wari marar yaji, kamar wardi. A zamanin da babur ya zama abin hawan kowa tsakanin Mayahi da Tasawa, kuma hular kwano ba ta wadata ba, wannan magana ta shafi ma'aikacin gidan likita fiye da alƙali.

Annobar korona, wadda aka tabbatar da shigarta Nijar ranar 19 ga Maris 2020, ta ƙara fito da matsalar suna. Ɗaya daga cikin alamominta shi ne ɗaukewar jin wari farat ɗaya alhali hanci a buɗe yake. Cikin shekarar, masu bincike a Habad suka nuna cewa ƙwayoyin da suke tallafa wa jijiyoyin ne suke ɗauke da ƙofar da cutar take shiga. To, yaya za a tambayi majinyaci? Wanda ya ce «hancinka ya toshe?» mura ya tambaya, za a ce masa a'a, alamar ta wuce shi. Wanda ya ce «kana jin ƙamshi?» rabin tambaya ya yi. Tun da Hausa da «ji» take aiki, wanda ba ya ji kuwa kurma ne, muna ba da shawarar kurumtar hanci a madadin «anosmie». Kalmar tana bin hanyar harshen, kuma tsohuwa a ƙauye za ta gane ta ba tare da an yi mata bayani ba. Bukatar ba ta tafi da annobar ba, domin raguwar jin wari tana cikin alamomin farko na cutar Parkinson da ta Alzheimer, ga kuma haɗarin mai girki da ba ta jin ƙauri ko bashi.

Haka zancen yake ga kayan awo. Gwajin da Richard Doty ya fitar a Pensilbaniya a 1984 yana da wari 40, cikinsu har da na fiza. Na Jamus, wanda Thomas Hummel da abokan aikinsa suka fitar a 1997, yana da 16 a sashen ganewa, cikinsu da tuffa. Manomin Isawan da ya kasa ambaton sunan abin da bai taɓa shaƙa ba, hancinsa ƙalau yake. Gwajin da zai yi aiki a nan sai an gina shi da daudawar batso, man shanu, kanumfari, tafarnuwa, ɗaɗɗoya, jemammiyar fata, busasshen kifi, kuma a karɓi amsa irin «ƙarni» ko «ƙauri» a matsayin amsa cikakkiya. Wannan aiki ne da sashenmu da tsangayar likitanci za su iya yi tare.

Akwai cikas ɗaya da ba mu warware ba. Kalmar jijiya tana nufin hanyar jini, da igiyar nama, da hanyar saƙo. Darasin hanci ba zai tsaya ba sai an ware ta ukun. Mun yi amfani da jijiyar sansana da jijiyar yaji, wato mun bar aikin ya bambance su, amma ana bukatar matsaya guda ga dukan littattafan kimiyya.

7. Kammalawa

Mun bi ilimi guda a zaure uku. Na gida ya ba mu sunayen siffofi masu tsarin nahawu, na malam ya ba hanci matsayin shaida da diyya da gwaji, na likita ya nuna hanyar da saƙo yake bi, bayan ya yi shekara fiye da 100 yana raina abin da yake bincike. Daga nan muka fitar da kalmomi shida: shimfiɗar sansana, matarbi, ƙashin rariya, curin sansana, jijiyar yaji, kurumtar hanci. Muna miƙa su ga abokan aiki domin a tattauna, a kuma gwada su a aji kafin a buga su.

Abin da muke tsoro shi ne littafin da zai koya wa yaro ƙamshi da wari kawai, saboda su biyu ne suka dace da «bonne odeur» da «mauvaise odeur», har ya tashi yana ganin ƙarni da zarni da gafi maganar tsofaffi ce. Saboda haka muna roƙon ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, su je Isawan da Kanambakace da kasuwar Tasawa, su tattara waɗannan kalmomi daga bakin mahauta da majema da masu daudawa da masu haɗa turaren wuta, tare da karin sautinsu da misalan amfani da su. Ƙamusoshin Bargery na 1934 da Abraham na 1949 sun adana da yawa daga cikinsu. A kwatanta abin da suka rubuta da abin da ake faɗa yau a wannan yanki, sannan a rubuta darasin.